Tamaula a Kan Dogo: Waiwaye Kan Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Reluwe

Cikin shekarar 1963 ne jirgin ƙasa ya fara shigowa garin Gombe. Da shekara ta zagayo, wato 1964, dogo ya isa Maiduguri, aka kammala shimfiɗa layin da aka faro daga Kuru, kusa da Jos, tun 1958. A wannan shekara ta 1964 ce kuma, can birnin Ikko, wato Legas, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ma'aikatan reluwe ta doke 'yan wasan Jos da ci 3 da 1, ta ɗauki Kofin Ƙalubale karo na bakwai. Tun daga ranar ba ta sake ɗora hannu a kan wannan kofi ba.

Waɗannan abubuwa biyu, isowar jirgi garinmu da kofin ƙarshe na ƙungiyar Reluwe, ba a saba ambatonsu tare ba, domin masu rubuta tarihin sufuri daban, masu bin labarin ƙwallo daban. Mu kuwa muna ganin labari guda ne, kuma shi ne muke so mu bi diddiginsa a wannan maƙala. Idan aka tambayi ɗalibanmu na yau asalin Manchester United, ba za a rasa wanda zai kawo shekara da sunan unguwa ba. Idan kuwa aka ce musu an taɓa yin wata ƙungiya a ƙasar nan wadda ta fi kowace cin kofi kafin samun mulkin kai, 'yan wasanta kuma ma'aikatan jirgin ƙasa ne, sai a ga ana kallon juna. Ba laifinsu ba ne. Jirgin ma kansa da yawansu ba su taɓa shiga ba.

Ba a Nijeriya kaɗai ba

Dangantakar dogo da ƙwallo tsohuwa ce, kuma ta game duniya. Ita Manchester United ɗin da muka ambata, ma'aikatan sashen taragai na wani kamfanin jirgin ƙasa ne suka kafa ta cikin 1878, da sunan Newton Heath. A ƙasar Yurugai, ƙungiyar Peñarol ta samo tushe daga kulob ɗin wasanni na ma'aikatan reluwe da aka kafa cikin 1891. A Rasha akwai Lokomotiv ta birnin Mosko, wadda sunanta ma kan jirgi yake nufi. A Masar akwai Sikkatul Hadid, wato hanyar ƙarfe, a Zambiya akwai Kabwe Warriors, a Barkina Faso akwai Rail Club du Kadiogo. Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Reluwe ita ce ma'aikata ta farko a ƙasashe da yawa da ta tara dubban samari majiya ƙarfi wuri guda, ta sa musu lokacin shiga aiki da na tashi, ta ba su albashi a ƙarshen wata da gidajen kwana kusa da juna. Wanda ya tashi daga aiki da la'asar, yana da abokai goma sha ɗaya a maƙwabta da fili a bayan gida, ba ya bukatar a roƙe shi ya buga ƙwallo.

Ebute Metta

A Nijeriya an fara shimfiɗa dogo daga Ikko cikin 1896, ya kai Badun cikin 1901. Daga Arewa kuma Turawa suka ja wani layin daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya shiga Kano cikin 1911. Cikin 1912 aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Layin gabas ya tashi daga Fatakwal ya kai Inugu cikin 1916 saboda kwal, daga baya ya haura ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna. Ƙauran Namoda ta sami nata reshe cikin 1929, Nguru cikin 1930. Babu wanda ya ja waɗannan layuka don ƙaunar talakan da ke bakin hanya. Gyaɗa da auduga da kuza da kwal da fatu ake so su isa bakin teku, kuma duk wanda ya dubi taswira zai ga haka: layukan daga tudu suke gangarawa zuwa gaɓa, babu wanda ya ratsa daga gabas zuwa yamma a Kudu.

Hedkwatar wannan ma'aikata tana Ebute Metta, a ƙetaren tsibirin Ikko. A can ne aka gina babban gidan gyaran kawunan jirgi da taragai, da ofisoshi, da gidajen ma'aikata, da asibiti, da wurin shaƙatawa da filin wasa. Gari ne sukutum a cikin gari. Akwai maƙera da kafintoci da makanikai da akawuna da masu buga waya da leburori, Yarabawa da Inyamurai da Ibibiyo da mutanen bakin ruwa, kowa da harshensa, amma ƙaho ɗaya ke kiransu aiki. Daga cikin wannan taro ne ƙungiyar ƙwallon ta fito, tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, tana karawa da takwarorinta na sauran ma'aikatu a gasar birnin Ikko: ta ma'aikatar jiragen ruwa da ake kira Marine, da ta ma'aikatar ayyuka, da ta 'yan sanda, da ta kamfanin UAC. Kusan duk manyan ƙungiyoyin wancan zamani na wuraren aiki ne. Wadda ta fita daban ita ce wadda Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa cikin 1938, domin ya nuna cewa baƙar fata ma na iya tafiyar da kulob ba tare da Bature a kujerar shugaba ba.

A takarda, duk 'yan wasan nan don sha'awa suke buga ƙwallo, ba a biyansu ko anini. To, amma wannan magana ce ta fatar baki. Abin da ake yi shi ne, idan aka hangi yaro mai ƙafa, sai a ɗauke shi aiki, a ba shi kujerar akawu ko a sa shi koyon sana'a a gidan gyara, a riƙa sallamarsa da wuri don ya je atisaye. Albashin na aiki ne, amma kowa ya san ƙwallon ce ta kawo shi. A wannan fage kuwa babu mai iya ja da Reluwe. Tana cikin ma'aikatun da suka fi kowa yawan ma'aikata a ƙasar, aikinta mai ɗorewa ne, ga gida, ga magani, ga fansho. Daɗin daɗawa, tana da tasha a kowane babban gari, saboda haka tana da ido a Fatakwal da Inugu da Jos da Zariya, kuma ɗauko saurayi daga can zuwa Ikko bai fi mata takardar canjin wurin aiki ba. Saboda haka idan aka ce ƙwallon sana'a cikin 1990 ta fara a Nijeriya, gaskiya ne ta fuskar doka, amma Reluwe ta riga ta ciyar da mutane da ƙwallo shekara arba'in kafin nan.

Shekarar yajin aiki da kofi

Shekarar 1945 ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta. A watan Yuni na shekarar ne ma'aikatan Nijeriya suka tsunduma yajin aikin gama-gari, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, domin yaƙi ya sa farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana nan inda yake. Ƙashin bayan yajin ma'aikatan reluwe ne, jagoransu kuma Michael Imoudu, wanda gwamnati ta tsare tun 1943, ba a daɗe da sako shi ba. Fiye da kwana 40 aka yi jiragen ƙasa na tsaye. Gwamnan da ya sha wannan gwagwarmaya, Sir Arthur Richards, shi ne kuma a wannan shekara ya ba da kofin da aka sa wa suna Kofin Gwamna, wanda daga baya ya koma Kofin Ƙalubale.

Ba mu cewa an ƙirƙiro kofin don a kwantar da yajin aiki. Amma ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane abin da ya sa manyan Turawan reluwe suke ɗawainiya da ƙwallo. Ma'aikacin da ya kwana yana murnar nasarar ma'aikatarsa ranar Asabar, da wuya ya wayi gari ranar Litinin yana ganin ta a matsayin abokiyar gaba tsantsa. Sai dai kuma kada mu raina wa mutanen nan hankali. Waɗanda suka cika bakin fili suna ihu, su ne dai suka bi Imoudu suka ajiye guduma. Sun iya raba ɗaya biyu: ƙungiyar tasu ce, ƙarin albashin ma haƙƙinsu ne.

Marine ce ta ci kofin farko cikin 1945, lokacin da ƙungiyoyin Ikko kaɗai suka shiga. Daga 1946 aka buɗe ƙofa ga sauran garuruwa, Reluwe kuwa ta buɗe nata babin: ta ci cikin 1946, ta ci cikin 1948, ta ci cikin 1949, ta sake ci cikin 1951. Kofi huɗu ke nan cikin shekara shida. Abin lura a nan shi ne, garuruwan waje ba kulob suke turowa ba, zaɓaɓɓun 'yan wasan gari gaba ɗaya suke haɗawa. Wato ma'aikata guda ce take tsayawa gaban Fatakwal ko Warri dungurungum, ta kuma yi galaba. Masu sha'awar wasa a Ikko suka yi mata laƙabi da Turanci mai ma'anar tsofaffin amintattu, waɗanda ba sa ba da kunya.

Ƙarfinta yana gaba ne, wurin 'yan wasa biyar masu kai hari, kamar yadda tsarin wasa yake a lokacin. An san su da sunan Layin Urion, saboda wani Baturen reluwe mai wannan suna da ya tsaya kan harkar ƙungiyar. A cikinsu akwai Peter Anieke, da Sokari Dokubo, da Friday Okoh, da Titus Okere a gefen hagu, sai kuma Teslim Balogun a tsakiya, wanda ake wa kirari da Tsawa saboda ƙarfin bugunsa.  Labarinsa ya daɗe da ƙetarawa daga tarihi zuwa almara, har yara a garuruwan da bai taɓa takawa ba suna ba juna labarin golan da ƙwallonsa ta fasa wa ciki. Mu da muke nazarin adabin baka mun san irin wannan. Haka jama'a kan yi wa duk wanda ya gagara, ko ɗan dambe ne ko mafarauci: sai sun ƙara masa abin da bai yi ba kafin su gamsu sun yaba masa.

Tafiya Ingila

Cikin 1949 aka haɗa 'yan wasa 18 a karo na farko da sunan Nijeriya, aka sa su a jirgin ruwa zuwa Ingila. Kyaftin ɗinsu Etim Henshaw ɗan Marine ne, amma bakwai daga cikinsu 'yan Reluwe ne, har da mai tsaron gida Sam Ibiam, da Balogun da Okere da Anieke da Dokubo. Mutum ɗaya tak ya fito daga Arewa, shi ne John Dankaro na Jos. Akasarinsu ba su saba da takalmin ƙwallo ba, saboda haka da ƙafa suka yi wasa, sun naɗe ta da bandeji, abin da ya ja hankalin jaridun Ingila fiye da wasan kansa. Sun ci wasansu na farko da Marine Crosby da ci 5 da 2. A wasa tara da suka buga da ƙungiyoyin da ba na sahun farko ba, sun ci biyu, sun yi kunnen doki a biyu, an ci su biyar, kuma inda aka yi ruwa fili ya yi santsi, nan suka fi shan wuya. A hanyar dawowa suka yada zango a Firitawun, suka ci Saliyo 2 da nema ranar 8 ga Oktoba, 1949. Wannan shi ne wasan Nijeriya na farko da wata ƙasa, kuma idan aka bi salsala, fiye da sulusin tawagar daga Ebute Metta take karɓar albashi.

Wannan tafiya ce ta buɗe wa 'yan ƙwallonmu hanyar Turai. Cikin 1953 Titus Okere ya sa hannu a ƙungiyar Swindon Town, garin da shi ma reluwe ce ta raya shi, ko da yake bai sami shiga sahun farko ba. Balogun ya bi sahu cikin 1955, ya zauna a Peterborough, daga baya ya buga wa Queens Park Rangers. Shi kam dama ba mazauni ba ne. Tun kafin ya ƙetare ya riga ya bar Reluwe, yana bin inda aiki ya fi tsoka, har ma da ƙungiyar wani banki ya ci kofin 1952. Wannan ma shaida ce cewa sha'awar da ake faɗa a takarda take.

Arewa a gaban Reluwe

Yanzu bari mu juyo gida. A Arewa ƙwallon ƙafa ba ta sami karɓuwa da wuri a wurin manya ba. Tamaula ce, wasan yara da marasa aikin yi, kuma uba ba ya alfahari da ɗan da ya shahara a kanta. Sarakuna suna da dawaki da holo. 'Yan bokon farko da suka fito daga Kwalejin Katsina kuwa an fi saninsu da kurket da hoki da wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Sardauna bai daina ba har ƙarshen rayuwarsa. Inda ƙwallon ƙafa ta yi saiwa shi ne garuruwan da dogo ya ratsa: Sabon Garin Kano, da na Zariya, da Kaduna, da Kafanchan, da Jos ta masu haƙar kuza. Da yawa daga 'yan wasan da suka ɗauki sunayen waɗannan garuruwa zuwa Ikko baƙi ne da aikin reluwe ko na kamfanoni ya kawo. Hanyar zuwa wasan ƙarshe ma dogon ne, tafiyar mil 700 daga Kano. Wato Reluwe ce ke ɗauko abokan karawarta ta sauke su a bakin fili, sa'an nan ta lallasa su.

Sau uku ƙungiyoyin Arewa suka haɗu da ita a wasan ƙarshe, sau ukun kuma ta yi galaba. Cikin 1951 ta ci Jos 3 da 2, alhali Balogun yana ɓangaren Jos a ranar. Cikin 1957, bayan ta ci kofin 1956 a hannun Warri, ta yi wa Zariya ci 5 da 1. Sai kuma na 1964 da muka buɗe magana da shi. Jos dai ta zama abin tausayi a tarihin wannan kofi, don ta yi ta zuwa wasan ƙarshe tana komawa hannu rabbana. Abin da ya share wa Arewa hawaye shi ne 1953, lokacin da Kano ta doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1, ta zama gari na farko da ya fitar da kofin daga Ikko. Amma ba Reluwe ta doka ba.

Jirgin da ya zo a makare

Duk wannan abin da ake yi, Gombe tana gefe. Garin da muke ciki sabo ne idan aka kwatanta shi da Kano ko Zariya, domin cikin 1919 ne aka dawo da hedkwatar masarauta nan Doma, bayan Gombe Abba da Nafaɗa. Abin da ya ɗaga shi noma ne, musamman auduga, har aka kafa injin gurzarta cikin 1956. Audugar nan da gyaɗar Barno su ne suka jawo dogo. Cikin 1955 aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, cikin 1958 kuma Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancensa na farko, dala miliyan 28, don gyaran reluwe da jan layin Barno. A lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, shi ne Firayim Minista, kuma kafin nan shi ne ministan sufuri. Layin ya isa Bauchi cikin 1961, ya iso mu cikin 1963, ya wuce ta Bajoga da Buni ya tsaya Maiduguri.

Da abubuwa sun tafi yadda suka tafi a Zariya ko Kafanchan, da tasha da gidajen ma'aikata da aka gina a Gombe sun isa su zama iri. Da an sami shekara ashirin ko talatin na zirga-zirga, da samari masu albashi sun taru, da watakila wata ƙungiya ta tsiro daga nan har sunanta ya kai Ikko. Hakan ba ta samu ba, domin shekarar da dogo ya kai ƙarshensa ita ce ƙololuwar reluwe a Nijeriya. Cikin 1964 jiragen ƙasa sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma fasinjan bai kai miliyan 5 ba, kayan kuwa ya koma kusan sulusi.

Abin da ya faru a tsakani sananne ne. Rikicin 1966 ya sa dubban ma'aikatan reluwe 'yan asalin Gabas, waɗanda da yawansu su ne direbobi da makanikai da masu kula da tasha, suka bar Arewa da Ikko suka koma gida. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, wanda shi ne hanyar Gombe mafi kusa zuwa teku. Wato shekara uku kacal layinmu ya yi cikin kwanciyar hankali. Ita ma ƙungiyar ƙwallon, wadda tun asali ta dogara ƙwarai da 'yan wasa daga Gabas, wannan guguwa ba ta bar ta ba. Da aka gama yaƙi sai ga kuɗin mai, aka shiga gina tituna, tirela ta ƙwace kayan da tarago ke ɗauka. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar Kano. An kawo Indiyawa cikin 1979 su riƙe hukumar na 'yan shekaru, ta ɗan farfaɗo, suna tafiya ta koma gidan jiya, har cikin 1988 aka bayyana cewa ta karye. Ma'aikatar da ke bin ma'aikatanta bashin hakuri kan albashi da fansho, ina ta ga abin da za ta yaudari ɗan ƙwallo da shi?

Ba a yi wata rana guda da aka ce yau Reluwe ta faɗi ba. Zamewa ta yi a hankali. Kafin ƙarshen shekarun 1960 Stationery Stores ta Israel Adebajo ta ƙwace zukatan mutanen Ikko, ta ci kofi cikin 1967 da 1968. Cikin 1970 aka kafa Rangers a Inugu, ta tattara samarin Gabas da a da Ebute Metta za su nufa. Da aka fara gasar lig ta ƙasa cikin 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauka, sunan Reluwe kuwa bai sake fitowa cikin zakarun ƙasa ba.

Wa ke ciyar da ƙwallo?

Bayan Reluwe, ƙwallon Nijeriya ta yi ta sauya uban gida. An yi zamanin kamfanoni da attajirai: Raccah Rovers ta Kano ta ci lig cikin 1978, Leventis United da Abiola Babes suka haskaka a tsakiyar shekarun 1980, sa'an nan masu su suka janye hannu, suka watse kamar ba a yi ba. BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko ta ci Kofin Ƙalubale cikin 1989, ta ɗauko kofin Afirka cikin 1990, ita ma da kamfanin ya yi rauni ta bi shi. A ƙarshe nauyin ya koma kan gwamnatocin jihohi, kuma a kansu akasarin manyan ƙungiyoyi suke har yau.

A wannan zamani ne Gombe ta sami tata. An kafa Gombe United cikin 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Bauchi. Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta zama ƙungiyar jiha. Ta yi rawar gani cikin 2007, inda ta zo ta biyu bayan Enyimba, ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka cikin 2008. Daga baya Doma United, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta hau babbar gasa, har aka wayi gari garinmu yana da ƙungiya biyu a sahun farko suna wasa a filin Pantami. Cikin 2024 kuma su biyun suka faɗo tare.

Ba muna kawo wannan don mu ce jiya ta fi yau a kowane fanni ba. Ɗan wasan Reluwe ɗan mulkin mallaka ne, Bature ke shugabantar kulob ɗinsa, kuma komai gwanintarsa akwai kujerar da launin fatarsa ba zai bar shi ya hau ba. Amma akwai abu ɗaya da yake da shi wanda ɗan wasan yau mai sunan ƙwararre ba shi da shi. Ranar da gwiwa ta ƙi, yana da bencin aiki da zai koma, da sana'a a hannu, da fansho a gaba. Na yau kuwa kwantiragi gare shi na shekara ɗaya ko biyu, kuɗinsa yana rataye da kasafin gwamnati da ra'ayin wanda ke kan kujera, kuma koke-koken 'yan wasan jihohi kan albashin da aka riƙe musu ba baƙon labari ba ne a ƙasar nan. Mun san samari a unguwanninmu da suka bar makaranta saboda ƙwallo, suka kai shekara talatin ba ƙwallon ba sana'a.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, abin da ya ba Reluwe ƙarfi shi ne ya kashe ta. Ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. Newton Heath ta raba gari da kamfanin jirgin da ya haife ta tun 1892, ta koma dogaro da kuɗin ƙofa da 'yan gari. Ta sha wuya, har cikin 1902 bashi ya kusa rufe ta, sai wasu 'yan kasuwar Manchester suka zuba kuɗi suka sauya mata suna. Kamfanin jirgin ya daɗe da shuɗewa, ƙungiyar tana nan. Ta Ikko kuwa ta zauna a gindin uwarta, ba ta mallaki fili da sunanta ba, ba ta mayar da dubban masoyanta mambobi masu biyan kuɗi ba, saboda ba ta taɓa zaton ranar da jirgi zai tsaya ba. Ƙungiyoyinmu na jihohi a irin wannan zama suke, sai dai su a gindin gwamna.

A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda zai biyo ta Gombe. Teslim Balogun ya rasu tun 1972, an sa wa wani filin wasa sunansa a Surulere. Titus Okere kuwa bai dawo gida da zama ba. A Ingila ya rasu cikin 2023, yana da shekara 94, kuma shi ne na ƙarshe cikin mutum 18 da suka shiga jirgin ruwa cikin 1949.